Waya ce ta sa min wannan bakin cikin? Amsa ga wata 'yar uwa daga Garwa

Ga sakon da ta turo, na dan gajarta shi kuma na cire abin da zai sa a gane ta:

"Salamu alaikum Anti, dan Allah ki boye sunana. Shekarata 32, 'ya'yana uku, ina saida atamfa da turare a status. Tunda nayi haihuwar karshe shekara daya da rabi kenan jikina ya zube, na rame ta kasa cikina kuma bai koma ba. Kullum ina TikTok har biyun dare ina kallon mata, kowa fata kamar madara kowa da diri, ni kuwa in na duba madubi sai kuka. Na sayi mai na hadi da kwayar kiba wajen wata mai talla a waya, wata hudu ina sha, fuskata ta cika amma kafafuna suna nan kamar kara. Yanzu bana jin dadin komai, na daina zuwa biki, girki ma dan yara nake yi. Maigida yace wayar ce in ajiye ta. Uwar mijina tace a nemo mai rukiya. Ni kuma kasuwata a wayar take. Waya ce ta sa min wannan? In na ajiye zan warke?"

Wa alaikumus salam kanwata. Sakonki karfe biyu da kwata na dare ya shigo, ni da asuba na gan shi, kuma tun kafin in bude lokacin da aka turo shi ya riga ya gaya min wani abu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara goma sha hudu ina wannan aikin a nan arewacin Kamaru, takwas daga ciki a bangaren masu ciwon damuwa da sauran larurar kwakwalwa, kuma irin sakonki wlh ba sabo bane a wurina, abin da ya bambanta kawai ke kin iya fadin abin da bakinki, da yawa sai sun yi shekara ana musu maganin palu, wato zazzabin cizon sauro, da tifoyid kafin a gane inda ciwon yake.

Kin tambayi waya amma kiyi hakuri ba da waya zan fara ba, saboda akwai abin da ya fi ta gaggawa kuma kin wuce shi a tsakiyar layi kamar ba komai ba, wato kwayar nan. Fuska ta cika ta yi zagaye, kafa da hannu suna nan siriri, wannan hoton mun san shi sarai. Yawancin abin da ake saidawa da sunan maganin kiba, wanda wasu ke cewa sha ka fashe, abu biyu ne a ciki ko daya daga cikinsu. Akwai cyproheptadine, asalinsa maganin kaikayi da borin jini ne, yana bude ciki yana sa barci da kasala. Sai dexamethasone ko 'yan uwansa irin prednisolone, su kuma magunguna ne masu karfi da likita ke bayarwa da lissafi dan asma ko kumburi mai tsanani. Wannan na biyun baya gina jiki, ruwa yake tarawa ya kwashe kitse ya kai fuska da ciki da doron wuya, naman cinya da na mazaunai kuwa cinye shi yake yi, kinga kenan abin da kika saya dan ki samu diri shi ke kara zubar da dirin. Yana hada hawan jini, yana tada suga, yana sa nankarwa mai fadi ja-ja, yana raunana kashi da garkuwar jiki. Abin da mutane basu cika sani ba kuma, yana taba kwakwalwa kai tsaye: hana barci, saurin fushi, kuka ba dalili, bakin ciki mai nauyi. Zai yiwu wani kaso na abin da kike ji yanzu daga cikin kwalin nan yake fitowa.

Amma dan girman Allah kar ki karanta wannan ki tashi ki zubar da su a masai yau. A saman kowace koda akwai wata 'yar karamar halitta da ke samar wa jiki sinadarin cortisol, in mutum ya dade yana shan irin wannan kwayar sai ta kwanta barci tunda kwayar na kawo makamancinsa daga waje, in aka yanke rana daya jiki sai ya rasa gaba daya, jini ya fadi, amai, jiri, suma, har rai ana rasawa a haka. Wata hudu ba wasa bane. A hankali ake saukowa, likita ne zai tsara miki ragewa kadan kadan cikin makonni. Man hadin ma haka, mafi yawa akwai clobetasol a ciki wanda dangin waccan kwayar ce ta fata take shiga, ko hydroquinone mai barin bakin tabo a kumatu da ya ki fita, wani har da mercury mai lalata koda kuma yana bi ta nono in har yanzu kina shayarwa. Ba banza ba a watan Agusta 2022 ministan lafiya na Kamaru Manaouda Malachie ya haramta shigowa da saida kayan shafa masu irin wadannan sinadaran, duk da dai kowa na ganinsu a kasuwa har gobe, sai dai an canza musu kwalba an rubuta musu organik.

To yanzu bakin cikin. Abin da kika lissafa, rashin jin dadin komai har abin da da kike so, kuka, guje wa mutane, rashin barci, ganin kanki ba a bakin komai ba, kuma ba kwana biyu ba watanni, wannan a wurinmu yana da suna, ciwon tsananin damuwa, wanda a asibiti zaki ji suna cewa depresiyon. Ma'aunin da muke bi shi ne alamomi tara, in biyar suka hadu kusan kullum har sati biyu ko fiye kuma suna hana mutum gudanar da rayuwarsa, to an wuce bacin rai na yau da gobe. Akwai takarda mai tambaya tara da ake kira PHQ-9, minti biyar ake cika ta. Hukumar lafiya ta duniya a bayaninta na 2023 ta kiyasta mutum miliyan 280 ke dauke da shi, wajen biyar cikin dari na manya, mata sun fi maza da kusan rabi, kuma fiye da daya cikin goma na masu ciki da masu jego suna shiga ciki. Na lura kince tun haihuwar karshe abin ya fara. Mu nan jego wankan ruwan zafi ne da kunun kanwa da gasasshen nama, ana kula da jiki sosai har arba'in, amma ba mai zama ya tambayi mai jego ya zuciyarki, in tayi kuka ace ta cika shagwaba. Ina kyautata zaton bangon tun lokacin ya tsage, TikTok kadangare ne da ya samu wurin shiga.

Tambaya daya zan miki kai tsaye yadda nake yi wa duk wanda ya zauna a gabana, kuma tambayar bata sa wa mutum tunanin da babu shi: kin taba jin gara ace ba ki a duniya, ko tunanin yi wa kanki wani abu? In eh ne, to ba maganar sati mai zuwa bace, yau zaki gaya wa mutum daya da kika yarda da shi, ki bashi duk magungunan da ke dakinki ya rike, ku tafi asibiti tare ko da dare ne. Jin hakan ba kafirci bane ba kuma hauka ba, alamar ciwon ce kamar yadda zafin jiki yake alamar palu, kuma yana wucewa in an yi magani.

Sai wayar. Maigida bai yi karya ba, rabin gaskiya ya fada. Tun 1954 wani masanin halayyar dan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya rubuta cewa mutum baya iya auna kansa sai da wani, bamu da sikeli a ciki, da na kusa muke gwadawa. Iyayenmu ma sun yi, amma da wa suke gwadawa? Da matan gida da na unguwa, mata goma ko ashirin, wadanda ka gansu ranar suna da kwalliya kuma ka gansu washegari da daurin kirji suna wanke-wanke da kurajen zafi a wuya. Ke kuwa a dare daya fuska dari uku zata wuce ta gabanki, ta Kano ta Njamena ta Dubai ta Duwala, ko wacce an zabo ta ne daga hoto talatin da aka dauka, da fitila a gaba, da filta, da matsi a ciki da ciko a baya, ke kuma kina kwance kan tabarma a tsakar gida an dauke wuta zafin Garwa na watan Afrilu ya haura arba'in, yaro ya yi miki fitsari a zani. Ta ina wannan gwaji zai yi adalci? Kallon kitse ake yi wa rogo, kuma abin haushin ko kin san rogo ne ido baya jin wannan bayanin, shi dai ya gani ya ajiye.

Kyamarar gaba ma da kike duba kanki da ita makaryaciya ce. Wasu likitoci a jami'ar Rutgers sun lissafa a 2018 cewa hoton da aka dauka daga tazarar santimita 30 yana kara fadin hanci da kusan kashi 30 cikin dari in an gwada da wanda aka dauka daga mita daya da rabi. Wato su an gyara su sun fi yadda suke, ke an bata ki kin kasa yadda kike. A shekarar ne kuma likitocin fata a Boston suka yi rubutu kan masu zuwa da hotonsu na filta suna cewa a yi musu tiyata su koma haka. Faransa har doka tayi a watan Yuni 2023 cewa masu talla a intanet dole su rubuta a jiki in an taba hoton an rage ko an kara jiki ko an canza fuska. Mu nan wa zai rubuta miki, mai saida man ita ce ta farko wajen kunna filta kafin ta daga kwalbar.

Akwai wata da ba zan manta ba, na canza wasu bayananta. Mijinta na fatauci a kudu sai yayi wata biyar bai zo ba, kullum suna bidiyo kol da dare, ita kuma tun farko da filta take dauka, hotunan da take tura masa ma haka. Ta zo wurinmu ne da ciwon kai da bugun zuciya sati biyu kafin ya dawo, an auna komai lafiya. Da muka zauna sai ta bude waya ta nuna min wata mace fara sol mai siririn hanci tace Anti wannan yake tsammanin zai tarar. Nace ai ke ce. Ta girgiza kai tace a'a, wannan kishiyata ce, ni na kawo ta da hannuna. Shekara tara suna tare fa, 'ya'ya hudu, mutumin ya san fuskarta fiye da yadda ya san tasa, amma ciwon ya gamsar da ita cewa ranar da ya sauka daga mota zai ga an yaudare shi. Ranar na gane abin ya wuce gasa da wasu matan, har da kanki ake hada ki kishi.

Kuma ba raunin imani ko rashin tarbiyya ne ya sa kike kaiwa biyun dare ba, haka aka kera abin. Shafin da baya karewa, ka ja ka ja ba kasa, wani injiniya Aza Raskin ne ya kirkiro shi a 2006 kuma daga baya da bakinsa ya fito ya nuna nadama. Manhajar tana kirga dakika nawa kika tsaya kan kowane bidiyo, bata san ko dadi kika ji ko zuciyarki ce ta karye ba, ita dai ta ga kin tsaya. Kin tsaya kan mai diri kina jin ciwo, gobe ta kawo miki goma, jibi ta kawo miki mai saida maganin dirin. Ga forfe, wato data, na dare mai araha, sai mutum yaga asara ce ya kwanta bai cinye megansa ba. Barcin da ake rasawa kuwa shi kadansa ya isa ya kwantar da lafiyayye balle mai jego da 'ya'ya uku.

Me bincike ya nuna? A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida, a ciki har da binciken kamfanin kansa inda kashi 32 cikin dari na 'yan mata matasa suka ce in suna jin haushin jikinsu Instagram na kara musu. A jami'ar Pennsylvania a 2018 an dauki dalibai 143 aka rage wa rabi zuwa minti goma a kowace manhaja, Facebook da Instagram da Snapchat, minti talatin kenan a rana, bayan sati uku kadaici da alamun damuwa sun ragu, musamman ga wadanda dama suka fi shiga damuwar. A Kanada an yi makamancinsa da matasa 220, awa daya a rana sati uku, suka fi gamsuwa da kamanninsu da nauyinsu. Wanda ya fi kusa da shekarunki shi ne na masana daga Stanford da jami'ar New York, an biya manya kudi su rufe Facebook sati hudu a karshen 2018, sun samu kusan awa daya a rana ta dawo hannunsu, sun dan fi jin dadi, amma dan kadan ne ba wani sauyi na a zo a gani ba. A gefe guda kuma masu bincike biyu a Oxford, Amy Orben da Andrew Przybylski, a 2019 suka tattara bayanan matasa sama da dubu dari uku suka ce alakar amfani da na'ura da walwalar matashi bata wuce kashi 0.4 cikin dari ba, har suka kwatanta girmanta da na cin dankali.

Yadda ni nake karanta wannan, in an hada kowa da kowa a kwano daya illar karama ce, saboda mai kiran 'yarta a Marwa da mai sauraron tafsiri da mai turo farashin shinkafa duk an kirga su, su ba abin da ya same su. Amma matsakaicin lissafi baya jinyar kowa. A cikin kwanon akwai 'yan kadan da abin ke ci sosai, kuma siffarsu daya ce: dama akwai rauni, kallo suke ba hira ba, hotunan jiki suke bi, da dare suke yi. Duk hudun kin cika su. Kuma abin gaba da baya yake tafiya, damuwa ta hana ki barci ki dauki waya, waya ta kara miki damuwa, kamar susar kaikayi. Shi yasa in kin ajiye wayar kadai zaki dan samu sauki amma ba lallai ki warke ba, in kuma kika sha magani kina ci gaba da kwana a TikTok kina diban ruwa ne da kwando.

Wani abu kuma, wadancan binciken kusan duk a kan turawa aka yi, inda abin so shi ne rama. Mu namu a juye yake, a cika a yi haske a yi sheki, mace ta rame a biki a ja ta gefe ace lafiya kuwa, ko maigidan baya ajiye cefane ne, ko kishiya ake shirin yi miki. Wannan bakin ya girmi Android nesa ba kusa ba. 'Yan uwanmu na Cadi sun ga an rufe musu Facebook da WhatsApp daga Maris 2018 har Yuli 2019, wata goma sha shida, masu hali suna shiga ta VPN marasa hali suka hakura, ni dai ina zuwa Kuseri, garinmu na bakin iyaka da Njamena, a lokacin kuma ban ga masu saida man bilicin sun tashi daga kasuwa ba. Wayar ta dauki maganar da gwaggo ke yi sau daya a wata ne ta mayar da ita sau dari a dare. Maza ma kar su dauka sun tsira, nasu gwajin a aljihu yake, dan klando mai haya da babur yana kallon sa'ansa na jingine da mota a Dubai, ya wuni a rana ya tashi da sefa dubu uku, da yawansu a tramol suke boye abin, su basa zuwa da kuka sai dai a kawo su da fada ko farfadiya.

To me zaki yi da wayar tunda a ciki kike ci? Bana ce ki ajiye ta ba, wanda yace ki ajiye bai lissafa kudin lekol din yara ba. Raba kasuwa da yawo zaki yi. Kasuwarki a WhatsApp take, TikTok ba shi ke saida miki atamfa ba, cire shi daga wayar na sati uku kacal, ba rantsuwa ba alwashi, gwaji ne, akawun dinki na nan ba inda zai je. Status ki sa shi sau biyu a rana, da hantsi da bayan la'asar, ki amsa masu saye ki fita, kuma ki daina bude jerin wadanda suka kalla kina kirga wa ya gani bai yi magana ba. Status din matan da kin san in kin gani sai ranki ya baci, ki rufe shi, basa sani, ba gaba bace. Bayan isha'i wayar ta kwana a wani daki, in ita ce agogonki na asuba sayi karamin agogo a kasuwa. Kafin ki fara ki shiga setin ki duba awa nawa kike yi a rana ki rubuta a takarda, yawanci in na sa mace ta duba sai ta rike baki, wadda tace awa biyu sai a ga bakwai. Kwana uku na farko zaki ji hannunki na neman abu kamar wanda ya bar goro, zaki ji kewa da haushi, yana lafawa. In sati ukun ya cika kika ga zaki koma, koma da rana, ki danne duk bidiyon jiki da na mai ki zabi ba kya so, ki bi masu girki da dinki da karatu har manhajar ta koyi sabon hali.

Sai dai awannin da zasu dawo hannunki in kin barsu fanko tunani ne zai cika su, kuma wannan shi ne inda mutane ke faduwa. Mai ciwon damuwa yana jira sai ya ji sha'awa kafin ya motsa, alhali a wannan ciwon motsi ke zuwa gaba sha'awa ta biyo baya a makare. Abu daya a rana, karami, ki sa masa lokaci: tafiya da kafa bayan asuba kafin rana ta bude, kai wa mai saye kayanta da kanki maimakon aiken yaro, zama wurin makwabciya minti ashirin ko ba ki ce komai ba, komawa islamiyya. Ba zaki ji dadinsa ba a farko, kiyi duk da haka. Bikin ma ki zabi na wadda kika fi sakewa da ita kije ki yi awa daya ki dawo. Madubi kuma kar ki rufe shi kar ki kuma zauna a gabansa, ki duba ki daura dankwali ki wuce. In kuwa kin ga kina cin awanni kullum kan wani aibi daya da kowa ke ce miki baya gani, ki fada wa likita wannan daban, larura ce mai zaman kanta da ke kama wajen mutum biyu cikin dari kuma tana da nata maganin.

Maganin asibiti kashi biyu ne, na magana da na sha. Na magana ba hira bace kawai, koyon kama tunani ne a gwada shi da hujja, kuma ba sai babban likita ba. A Zimbabwe wani likitan kwakwalwa Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu abin da suke kira kufungisisa, ma'anarsa yawan tunani, kalmar da mu ma ita muke fada, aka gwada aka buga sakamakon a 2016 kuma ya yi aiki sosai. Na sha kuwa irin su fluoxetine da amitriptyline ne, ba masu tsada bane, basa bugarwa, ba irin tramol bane da jiki ke nema. Sai sun yi sati biyu zuwa hudu kafin a fara jin bambanci, wani har shida, kuma ana ci gaba akalla wata shida bayan an ji sauki, yawancin wadanda ciwon ke dawo musu wadanda suka ajiye ne ranar da suka fara dariya. Ba kowa ke bukatarsu ba, wanda ya duba ki shi zai yanke, kuma kar ki saya a tebur. Ki roki a duba miki yawan jini da makoko ma, karancin jini bayan haihuwa da matsalar makoko duk suna kwaikwayon wannan ciwon. Likitocin kwakwalwa sun yi mana karanci a arewa, mafi yawa suna Yawunde da Duwala, amma ki fara da babban asibitin da ke kusa da ke ki tambayi bangaren lafiyar kwakwalwa, likita na gama-gari ma zai iya fara miki.

Maganar Hajiya uwar mijinki kuwa, kar ki yi jayayya da ita, tsoro ne ya kamata kuma da abin da ta sani take neman taimaka miki. Addu'a da azkar da karatun Alkur'ani ba wanda zai hana ki, ni ma ina yi, kuma Annabi SAW yace Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Annabi Yakubu sai da idanunsa suka yi fari dan bakin cikin rabuwa da Yusuf, shekarar da Nana Khadija da Abu Talib suka rasu har yau shekarar bakin ciki ake ce mata, to wa zai ce bakin ciki rashin tawakkali ne. Ki ce mata Hajiya a yi min addu'a a gida, asibiti kuma zan je dan kwayar da na sha. Inda zan ja layi shi ne duk wanda zai dake ki ko ya turara miki hayaki har ki shide, ko yace ki bar maganin likita, ko ya fara yanka kudi kashi kashi.

Shi kuma maigida, tunda har ya lura yayi magana to yana kallonki, wannan ba karamin abu bane. Ina jin bai san da kwayar ba. Ki gaya masa, ko ki mika masa wannan amsar ya karanta da kansa. Malam in kai ne ke karantawa, kwace waya ba zai yi ba, fada ma ba zai yi ba, kuma dan Allah ko da wasa a bar maganar ramarta ko cikinta ko kwatanta ta da wata. Ka raka ta asibiti, ka karbi yaran awa daya da yamma, taka wayar ma ta kwana a falo tare da tata.

Ranar da zaki je ki zuba komai a leda, kwalin kwayar ko da babu rubutu a jiki, ragowar kwayoyin, kwalbar man da sabulun, da karne dinki na asibiti. Ki ce a auna miki tansiyo da suga. In kin zauna kar ki tsaya a ciwon kai da kasala dan kunya, ki fada yadda kika fada min, wata hudu ina shan wannan, bana barci, bana jin dadin komai tun da na haihu. Kafin nan ki ci gaba da shan kwayar yadda kika saba kar ki kara kar ki yanke, amma kar ya wuce jibi ba ki je ba. Ki dauki hoton kwalin gaba da baya ki turo min, da rana.